Na riƙe Nikon D780 a Jidda

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili in faɗa wa 'yan uwana masu sana'ar hoto abin da idona ya gani, don surutu ya yi yawa a guruf ɗinmu na WhatsApp wai kyamara mai madubi ta mutu, kowa ya koma marar madubi. Ni hoton biki nake ɗauka a nan Jidda ɓangaren mata, wani lokaci har Makka ake kirana, kuma Nikon D750 mai madubi ce a hannuna shekara da shekaru. Satin da ya wuce na shiga wani shago aka ciro min Nikon D780 ɗin nan, ita ma mai madubi, da ta fito a Janairun 2020, ban saya ba tukuna amma na yi kusan rabin awa ina juya ta ina dannawa.

Da na ɗaga ta, hannuna bai ji baƙunta ba ko kaɗan. Mariƙin yana da zurfi, yatsu suna shigewa su zauna, nauyinta giram 840 da batir a ciki, kusan ɗaya da tsohuwata. Wanda bai taɓa aikin biki a ƙasar nan ba ba zai gane me ya sa nake maganar mariƙi ba. Ana shiga hol bayan isha'i, amarya ba ta fitowa sai dare ya raba, wallahi wani lokaci sai gab da asuba kike sauke kyamara, ga lensi ga filasha a kai, in mariƙin bai zauna a hannu ba washegari wuyan hannu ne zai gaya miki.

Abin da ya fi min daɗi, sun ɗauko botin ɗin ISO, wanda ake daidaita yadda kyamara ke karɓar haske da shi, daga bayan kyamara gefen hagu sun kawo shi sama kusa da inda ake danna hoto. Lokacin zaffa, wato shigowar amarya, ana kashe fitilun hol gaba ɗaya a bar haske ɗaya a kan amarya, tana takowa a hankali zuwa kosha, wato dandamalin da take zama, haske yana canzawa a kowane taku, a D750 sai na saki lensi da hannun hagu na lalubi botin, yanzu kuwa ɗan yatsa ɗaya ya isa ido na nan a kafar leƙawa bai ɗaga ba. Sun kuma ƙara botin na AF-ON, na saita fokas, a baya daidai babban yatsa. Sikirin ɗin yana ɗagowa sama da ƙasa kamar na da, sai dai wannan ana taɓa shi da yatsa, in aka kunna shi kuma kyamarar da kanta take neman idon mutum ta kama, irin na Nikon Z6 marar madubi. Na gwada a kan ɗiyata da ta raka ni, tana ta motsi amma ɗan akwatin da ke nuna inda kyamarar ta kama a sikirin yana manne da idonta.

Ramin memori biyu ne, duka SD. Wannan a wurinmu maganar amana ce. A bukukuwa da yawa ana karɓe wayoyi tun daga ƙofa saboda mata sun cire abaya, ke kaɗai aka yarda ki ɗauki hoto, to in memori ɗaya ya lalace me za ki ce wa uwar amarya? Babu wata da ta ɗauka a waya balle a ce a nemo. Ni kullum a biyu nake ajiyewa lokaci guda, kuma Z6 rami ɗaya gare ta, shi ya sa ban ko kalle ta ba.

Batir kuma kamfanin ya ce caji ɗaya yana kai hoto 2,260, kuma ana iya cajinta ta USB. Marasa madubi ba su kusa da haka, tunda ko leƙawa za ki yi sai sikirin ya ci wuta.

Amma fa akwai abin da ya ɓata min rai. Sun cire ƙaramar filashar nan da ke ɗagowa a saman D750. Ba don haska fuska nake amfani da ita ba, da ita nake tayar da sauran filashohin da na kafa a gefen kosha, yanzu dole sai an sayi wani abu daban a ɗora, ƙarin kuɗi ke nan. Sannan ba su yi mata wurin jona mariƙin ƙasa mai batir da ke sauƙaƙa ɗaukar hoto a tsaye ba, alhali hoton amarya yawancinsa a tsaye ake ɗauka saboda doguwar riga. Kuɗinta a Amurka lokacin da ta fito a 2020 kusan dala 2,300 ne babu lensi, wajen riyal 8,600 ke nan, ba ƙaramin abu ba ne ga mai tara kuɗin biki ɗaya bayan ɗaya.

Ƙannena mata da ke son shigowa sana'ar nan suna yawan tambayata wacce za su saya. In kina da lensin Nikon na da, yawancinsu za su hau D780 ba sai da adafta ba, don bakin da ake ɗaura lensi bai canza ba. Ki je shago ki riƙe ta da lensi mai nauyi na minti goma kafin ki ba da kuɗinki. Ni dai na ce wa mai shagon zan dawo bayan bukukuwan watan gobe in Allah ya kai mu, kuma da filashata zan zo in gwada.

Taku,
Mai ɗaukar hoton biki, Jidda