Dan Allah a daina feshi da safe in gona tana fure

Assalamu alaikum Edita. Dan Allah a ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu, zan yi magana da 'yan uwana manoma musamman mu 'yan noman rani, akan ƙudan zuma da sauran ƙwarin da muke kashewa da hannunmu alhali su ne ke mana aiki kyauta.

Duk wanda ya taɓa noma kankana ya san furenta iri biyu ne, akwai namiji akwai mace, macen ita ce mai ɗan ƙulli a gindinta, toh in ƙwaro bai ɗauko garin nan rawaya daga namijin ya kai mata ba, ɗan ƙullin nan yanƙwanewa zai yi ya faɗi, ko kuma ta fito a karkace ba mai saya a kasuwa. Kuma furen da safe yake buɗewa, wuni ɗaya tak yake yi. Amma wallahi daidai wannan lokacin ne za ka ga yaro ya goyo famfon feshi yana bi kunya kunya, ƙudan zuma na cikin furen yana watsa musu magani, in an jima ka duba ƙasa ka gansu a kwance suna shure-shure. Sai kankana ta ƙi yin 'ya'ya a ce iri ne ba kyau ko taki ne jabu. Gero da dawa da masara iska ce ke musu barbara, amma kabewa, riɗi, auduga, mangwaro duk suna ƙaruwa da ƙwarin nan, wani rahoto na masana na duniya da ya fito a 2016 ma cewa yayi kusan kashi 75 cikin 100 na ire-iren amfanin gonar da ake ci suna buƙatarsu ko yaya.

A Turai akwai wani ƙaton ƙudan zuma mai gashi buzu-buzu na ƙasashen sanyi, bambulbi, mu bamu da shi anan. Shi kama furen tumatir yake yi ya girgiza shi da ƙarfi garin ya zubo. A da ma'aikata ne ke bin furen da sandar lantarki mai girgiza a gidajen gilas da ake noman tumatir a ciki, sai a 1987 aka fara kiwonsa a Beljiyam ana sayarwa manoma a kwali, yau kuɗi suke sawa su sayi ƙwaro. Mu kuma Allah Ya ba mu namu, baƙin ƙaton nan mai ƙugi da ke huda azara da busasshen itace, irin girgizar nan yake yi, amma yara na ganinsa sai jifa. A 2018 Tarayyar Turai ta hana amfani da wasu magungunan ƙwari guda 3 a fili saboda illarsu ga ƙudan zuma.

Shi kuwa malam-buɗe-littafi, gaskiya aikinsa bai kai na zuma ba, amma yana yi, kuma akwai wani mai ruwan lemo da ɗigon baƙi da fari dake tasowa tun daga Turai ya tsallake Sahara ya sauka Nijar da Chadi da arewacin Najeriya ƙarshen damina ya hayayyafa, jikokinsa su koma. Abin da yayi wannan doguwar tafiya ya iso ya tarar mun banka wa daji wuta saboda gafiya, abin na min ciwo sosai.

Ban ce a bar feshi ba, wanda ya ga abin da tsutsar sharon tayi wa tumatir a Kano da Kaduna a 2016 ba zai ce haka ba. Roƙona a maida shi yamma liƙis in ƙwarin sun koma, a bi ma'aunin dake jikin kwalba a daina haɗa magani uku huɗu a famfo ɗaya, a bar ɗan ciyawa mai fure a gefen gona, masu ɗiban zuma kuma su yi da hayaƙi kar su ƙone amya gaba ɗaya. Malaman gona da gidajen rediyo dan Allah ku riƙa faɗar wannan kafin a fara shukar rani, masu shagon magani ma su riƙa gaya wa mai saye lokacin da zai fesa.

Naku,
Wani manomin rani daga Kura, Jihar Kano.