Rukunin Jini Daban, Jinotaif Daban

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili in warware wasu kalmomi biyu da ake cakuɗawa a labaran lafiya, musamman idan ana batun gwaji kafin aure: rukunin jini da jinotaif. Sai ka ji mutum ya bugi ƙirji ya ce, "An gwada ni, jinina O ne, ba ni da sikila." Alhali O ɗin nan ba ruwansa da sikila.

Rukunin jini alama ce a jikin jajayen ƙwayoyin jini, wadda Karl Landsteiner ya fara ganowa a 1901. Rukunan huɗu ne: A, B, AB da O, kowanne kuma ko fozitif ko negatif. Amfaninsa yana wajen ƙarin jini, sai kuma wajen mai juna biyu. Uwa mai negatif da ta haifi jariri mai fozitif tana buƙatar allurar anti-D cikin sa'o'i 72, don kada jikinta ya yaƙi jinin cikin da zai biyo baya.

Jinotaif kuwa, a maganar sikila, shi ne irin himogulobin da mutum ya gada, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Himogulobin shi ne sinadarin da ke cikin ƙwayar jini, mai ɗaukar iskar oksijin. A shi ne lafiyayye. S kuwa, da zarar oksijin ya yi ƙaranci, sai ya sa ƙwayar ta yi tauri, ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Daga nan ciwon ƙashi mai tsanani yake tasowa. Lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120 tana aiki, ta mai SS, wato wanda ya gaji S daga uwa da uba, ba ta cika wuce kwana 10 zuwa 20 ba, shi ya sa ƙarancin jini ba ya rabuwa da shi.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne lissafin "ɗaya cikin huɗu". Idan AS, wato wanda ya gaji A ɗaya da S ɗaya, ya auri AS, ba wai cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne tak zai zo da SS ba. Kowane ciki da nasa lissafin: kashi 25 cikin ɗari SS, kashi 50 AS, kashi 25 AA. Ana iya haihuwar uku a jere duk SS, ana iya haihuwar shida babu ko ɗaya. Kada kuma a manta da C, wani irin himogulobin wanda marubuta suka cika tsallakewa: AS da AC na iya haifar SC, shi ma nau'in sikila ne.

Gwajin ma hawa-hawa ne. Na gaggawa, wanda ake ɗiga wa jini sinadari a duba ko ƙwayoyin sun lanƙwashe, yana nuna akwai S ne kawai. Ba ya raba AS da SS, ba ya kuma ganin C. Wanda ke bayyana jinotaif shi ne gwajin da ke rarrabe ire-iren himogulobin, wato elektiroforesis ko HPLC. Shi ma yana iya ruɗi idan an yi wa mutum ƙarin jini cikin watanni ukun da suka gabata, domin jinin wanda ya bayar yana nan gauraye da nasa. Irin wannan sai ya jira lokacin ya wuce, ya sake gwaji.

Na gode.

Wani ma'aikacin lafiya