A Yi Wa Na'urorin Binciken Ƙwaƙwalwa Doka Tun Da Wuri

Assalamu alaikum Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci kan na'urorin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da auna motsinta, da kuma jan ƙafar da gwamnatoci ke yi wajen yi musu doka. Babu mai musun alherin MRI (na'urar ɗaukar hoton cikin jiki) da EEG (na'urar auna motsin ƙwaƙwalwa) a hannun likita, domin da su ake gano ƙari a ƙwaƙwalwa da shanyewar ɓarin jiki da farfaɗiya. Damuwata tana kan abin da ke faruwa da zarar na'urar ta bar asibiti ta faɗa hannun ɗan sanda ko mai ɗaukar ma'aikata ko ɗan kasuwa.

Har yanzu babu na'urar da ke karanta zuciyar mutum. Ita fMRI, wani nau'in MRI, gudanar jini take aunawa a sassan ƙwaƙwalwa, EEG kuwa motsin lantarki take ɗauka ta fatar kai, sannan masana su yi hasashe daga abin da suka gani. Ko binciken da ya tayar da ƙura a 2023, wanda masana a Jami'ar Texas da ke Austin suka yi amfani da ƙirƙirarriyar basira suka fitar da ma'anar labarin da mutum yake saurara, sai da kowane ɗan sa-kai ya shafe kimanin sa'o'i 16 a cikin na'urar, kuma idan ya ƙi ba da haɗin kai aikin ba ya yiwuwa. To amma wannan raunin shi ne babban haɗarin a ganina, domin alƙali ko shugaban kamfani da aka ajiye wa hoton ƙwaƙwalwa mai launi a gabansa zai iya ɗaukar hasashe a matsayin hujja.

An riga an ga haka a Indiya. A 2008 wata kotu a birnin Pune ta samu wata mata da laifin kisa, inda ta dogara har da sakamakon gwajin motsin ƙwaƙwalwa da aka ce ya nuna tana tuna aikata laifin, alhali masana da dama ba su yarda da ingancin gwajin ba. Sai a 2010 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke cewa tilasta wa wanda ake tuhuma irin wannan gwaji daidai yake da tilasta masa ba da shaida a kan kansa. A Amurka ma wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ƙi karɓar gwajin gano ƙarya na fMRI a 2012. Abin lura, duk wannan kariya daga alƙalai ta fito, bayan an riga an taɓa mutane.

Giɓi mafi girma yana wajen na'urorin da ake sayarwa da sunan inganta barci ko natsuwa, domin a ƙasashe da yawa dokar sirrin majiyyaci ba ta shafe su ba, kamfani kuma yana iya ajiye bayanan ko ya sayar. A 2019 wata makarantar firamare a lardin Zhejiang na Sin ta ɗaura wa yara irinsu a ka don auna mai da hankalinsu, har sai da suka ya yi yawa aka dakatar. Yaro ko ma'aikaci ba shi da bakin ƙi, saboda haka sa hannu a takardar amincewa ba kariya ba ce.

Chile ta gyara kundin tsarin mulkinta a 2021 don kare bayanan ƙwaƙwalwa, kuma a 2023 Kotun Ƙolinta ta umarci kamfanin Emotiv, mai sayar da irin waɗannan na'urori, ya goge bayanan wani tsohon sanata. Jihohin Colorado da California na Amurka sun sanya irin waɗannan bayanai cikin dokokin sirri a 2024. Ina kira ga 'yan majalisu a ko'ina su haramta amfani da gwajin wajen tuhuma da ɗaukar aiki da inshora, su kuma ba mutum ikon sa a goge bayanansa, ba tare da sun ɗaure hannun likitoci da masu bincike da tarin izini ba.

Na gode.

Daga wani mai karanta jaridarka