Ga masu shiga gasar wasan kati na Magic da dek ɗin kwantirol

Assalamu alaikum ƴan uwa. Na ga mutane da dama cikinmu sun haɗa dek ɗin kwantirol, wato tarin katunan da ake dakile abokin wasa da su kafin a ci shi, don gasar Asabar, shi ya sa na ce bari in ja kunne kan agogo.

Zagaye ɗaya minti 50 ne, wanda ya ci wasa 2 cikin 3 shi ya yi nasara. Dek ɗinmu kuwa ba ya gaggawa: ka hana wannan, ka share wancan, ka tara kati a hannu. Idan lokaci ya cika, juyi 5 kawai ake ƙarawa. A gasar da ta wuce, wasan farko ya cinye mini kusan minti 40, muka tashi kunnen doki alhali nasara na hannuna. Har yau abin yana damuna. Don Allah ku riƙa tunanin abin da za ku yi tun abokin wasa yana nasa juyin. In wasa ya riga ya ɓaci, ku sallama da wuri ku tsira da lokaci.

Kada ku ɓata Counterspell, katin da ke soke wanda abokin wasa ya jefa, kan ƙaramin kati, ku adana wa wanda zai kashe ku.

Kowa ya sake ƙirga katunan gefe, wato waɗanda ake musanyawa da na cikin dek tsakanin wasanni, kafin ya fito, kada su wuce 15.