A Sanya Ɗorawa Cikin Shirin Dashen Itatuwa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin hukumomin gandun daji a kan itacen ɗorawa, wadda take ƙarewa a gonakinmu ba tare da ana dasa madadinta ba.

Ɗorawa tana cikin dangin wake da gyaɗa, kuma masana tsirrai suna kiran jinsinta Parkia, sunan da masanin tsirrai Robert Brown ya raɗa a 1826 don tunawa da Mungo Park, Baturen da ya yi yawon binciken Kogin Neja. Irin tamu tana fitowa tun daga Senegal har zuwa Sudan, sannan tana da 'yar'uwa a Malesiya da Indonesiya wadda ake cin 'ya'yanta ɗanyu. Da rani take fitar da tutu, wato jajayen furannin nan da suke reto, kuma jemagu ne suke yi mata barbara da dare, abin da masu harbinsu ba su cika sani ba. 'Ya'yanta suna nuna gab da faɗuwar damina, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, shi ya sa garin ɗorawa ya daɗe yana rufa wa talaka asiri.

Babban amfaninta dai yana ga kalwa. Mata suna dafa ta har ta yi laushi, su surfe, su wanke, su sake dafawa, sannan su rufe ta kwana biyu zuwa uku ta ruɓa ta zama daddawa, wadda take ƙara wa miya sinadarin gina jiki da dunƙulen kanti ba zai taɓa bayarwa ba. Da wannan sana'a mata da yawa a karkara suke yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Kwasfar ma ba a yar da ita, domin daga gare ta ake samun makuba da ake ƙarfafa daɓe da katangar ƙasa.

Abin da yake damuna shi ne, yawancin ɗorawar da mutum yake gani a gona yau tsohuwa ce, masu gawayi da itacen girki suna sara, awaki kuma suna cinye 'yan tsiron da suka fito da kansu. Tuni wasu masu daddawa suka koma ga waken suya saboda tsadar kalwa. Amma idan aka zo rabon dashe, darbejiya da turare aka fi kawowa.

Renon ɗorawa ba shi da wuya: a jiƙa kalwa a ruwan zafi don ɓawonta ya yi laushi, a shuka a leda, a dasa da damina, a kewaye da ƙaya. Gaskiya ne sai ta shekara biyar zuwa goma kafin ta fara 'ya'ya, amma takan ciyar da jikoki. Don haka ina kira ga hukumar Great Green Wall ta ƙasa, mai kula da shirin dashen itatuwa don tare hamada, da ma'aikatun muhalli na jihohi su ware mata kaso a wuraren renon itatuwa, masu sarauta kuma su hana sare mai rai.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Zariya