Ƙarin garantin katin girafik: a tambayi wa zai biya kafin a zaro kuɗi

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aiki, Allah ya ƙara ɗaukaka. Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da matasanmu na zango masu editin bidiyon biki da suna, da masu gidan gem, da ɗaliban da ke zanen gine-gine a kwamfuta, saboda tambaya ɗaya ce ake ta kawo min shago: wai in mutum zai sayi katin girafik, wato GPU ɗin nan da ke ɗaukar nauyin hoto da bidiyo, sai mai sayarwa yace ƙara kaza in ƙara maka garantin shekara 2 a kan na kamfani, ya biya ko kar ya biya? Ni gyaran kwamfuta ne sana'ata a nan unguwar Nima a Accra, kuma amsata ita ce riƙe kuɗinka. Amma bari in faɗi dalili kar a ce ina hana wani cin abinci.

Sabon kati dama da garantinsa yake zuwa. Manyan kamfanoni irin su ASUS, MSI da Gigabyte yawanci shekara 3 suke bayarwa, toh ƙarin da ake tallata maka na shekara ta 4 da ta 5 ne, wani ma in ka daure ka karanta ƙananan rubutun nan zaka ga tun ranar da ka saya ya fara ƙirgawa, kenan duk ya ƙare a lokacin da dama kana da na kamfani. Kuma duk mai gyara ya sani, in akwai aibi daga masana'anta da wuri yake nuna kansa, cikin makonni ko 'yan watanni zaka fara ganin layi-layi da ɗigo-ɗigo a sikirin, ko kwamfuta ta riƙa ɗaukewa da kanta in aiki ya yi nauyi. In ya tsallake wannan lokacin lafiya toh galibi sai tsufa. Shi kuma kati darajarsa a kasuwa ta fi jikinsa saurin tsufa. Katin RTX 3060 ya fito a 2021 kan dala 329 farashin kamfani, a 2023 aka fito da 4060 kan dala 299, a 2025 kuma ga 5060 shi ma 299, kowanne ya fi na baya ƙarfi. Kaga wanda ya biya ƙarin kuɗi a 2021 don kare shekara ta 5 ɗin katinsa, ya biya ne don kare abin da yanzu kowa ke neman canjawa.

Wannan lissafin ma na mutumin da ke zaune a Amurka ko Ingila ne, wanda in abu ya lalace zai sa a kwali ya kai fos ofis. Namu ya fi haka tsanani. Yawancin katunan da ke hannun yaranmu ko dai wani ɗan uwa ne ya sako a jaka daga waje, ko an yi oda ta intanet, ko an saya a kasuwar waya da kwamfuta ta Circle wajen Tip Toe Lane, na Kumasi kuma su gangara irin tasu kasuwar ta PZ a Adum. Garantin kamfani sau da yawa a ɗaure yake da yankin da aka sayar da katin, kuma sai da rasit na asali, wani kamfanin ma baya yarda da mutum na biyu da ya saya a hannu. Akwai wani yaro mai editin bidiyo da ya kawo min nasa, kawunsa ne ya sayo masa a Amurka har da ƙarin garanti na kantin da aka saya, takardar tana nan tsaf a leda ko lanƙwasa babu, ya miƙo min ita da hannu biyu yace Baba duba min ta ina zan fara. Muka karanta tare, layi na farko-farko ya nuna cewa a cikin Amurka kaɗai take aiki. Sai ya nemi mai tafiya ya kai katin, kawun ya je da kansa tunda sunansa ne a rasit, a jira, sannan a sake neman mai dawowa, shi kuwa yana da bidiyon aure na mutane a hannu suna ta kiran waya. Kamar ka sayi lema ne ka ajiye ta a New York, ruwa kuma a Nima yake sauka.

Amma abin da ya fi damuna shi ne, abubuwan da ke kashe kati a Accra ba su ne garanti ke rufewa ba, na kamfani da na ƙari duka. Na farko wuta. Duk wanda ya ga dumsor, wato yawan ɗauke wuta na 2014 da 2015, ya san ba ɗauke wutar ce ke ƙona kaya ba, dawowarta ce, ta zo da ƙarfi ta buga ta koma ta sake dawowa, ko a juya layi daga janareta kwamfuta na kunne. Kusan duk takardar garantin da na taɓa karantawa ta cire ɓarnar wuta, in sun buɗe sun ga wurin ƙuna a kan allon shikenan magana ta ƙare. Sai kuma fawa saflai, akwatin da ke raba wuta a cikin kwamfuta, nan ne mutanenmu ke ba ni mamaki wallahi, mutum zai zuba dubban sidi a kati sannan ya haɗa shi da fawa saflai mara suna da aka manna wa sitika wai wat 700, ka ɗaga shi ka ji shafal ba nauyi, ranar da ya tashi mutuwa ba shi kaɗai yake tafiya ba, da katin da madabod, wato babban allon kwamfutar, yake ja.

Na biyu ƙura da zafi. Daga Disamba zuwa Fabrairu in hunturu ya sauko, ka buɗe kwamfutar da ke ajiye a ƙasa a shago bakin titi ka gani, ƙura ja-ja ta toshe tsakanin ƙarafunan sanyaya katin ta daskare har sai ka sa tsinke ka ɓanɓaro ta, fanka na juyawa amma iska ba ta wucewa, ka taɓa fiffiken ka ji yana rawa saboda borin da fankar ke juyawa a kai ya cinye. Masu zama kusa da teku irin su Chorkor, James Town da Teshie kuma iskar gishiri ce ke cin ƙafafun katin da bakin fulogi su yi kore-kore. Ka kai wannan wajen masu garanti su ce rashin kula ne. Fanka kuwa ita ce ta fi yawan mutuwa a kati tunda ita kaɗai ke motsi, kuma canza ta da sabunta man nan da ake shafawa tsakanin cif da ƙarfen sanyaya ba wani kuɗi bane, bai kai rabin abin da ake karɓa na ƙarin garanti ba a katunan da nake gani. Sai dai akwai tarko, wata 'yar sitika da suke mannawa a kan ƙusa ɗaya ta bayan katin, in ka yaga ta wai garanti ya tashi. A Amurka hukumar FTC mai kare masu sayen kaya ta gargaɗi kamfanoni tun 2018 cewa wannan sharaɗin ya saɓa dokarsu, amma dokar Amurka ce, a nan mai shago na ganin sitika a yage zai ce an taɓa. Kenan mai ƙarin garanti zai zauna shekara 5 yana tsoron buɗe katinsa ya share, zafi na dafa shi.

Shi yasa nake ce wa yara, kuɗin nan a sa shi a UPS, mai riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke, ko sitabilaiza mai kyau, a sayi fawa saflai na sanannen kamfani, a ɗaga kwamfuta daga ƙasa zuwa kan tebur, a riƙa hure ta da bulowa, in an ɗauke wuta a zare fulogi. Abin da ya rage a bar shi a MoMo don ranar gyara.

Masu sayen hom-yus, wato katin da wani ya riga ya yi amfani da shi, su kuma maganarsu daban ce. A Satumban 2022 Ethereum, wani kuɗin intanet, ta daina amfani da haƙar kuɗin da ake yi da katin girafik, sai katunan da suka shekara suna aiki dare da rana suka cika kasuwannin duniya, wasu an wanke su tas an mayar a kwali. Irin wannan ba garantin shekara 2 kake buƙata ba, sati biyu ko wata ɗaya na gaskiya daga mai shagon ya fi maka. Kar ka bar shagon sai an sa katin a kwamfuta a gabanka, a buɗe manhajar GPU-Z ka ga ko sunan da ke kwali shi ne a ciki don akwai na jabu da ake canza wa suna, a sa masa manhajar FurMark mai ɗora wa kati aiki mai nauyi ya yi kamar minti 20 kana kallon zafinsa kana sauraren fanka, a gwada kowane rami na HDMI da DisplayPort. Sannan a rubuta siriyal lambar katin a rasit da ranar da alkawari zai ƙare, ba "kar ka damu ɗan uwa in ya samu matsala ka dawo" ba. Muna da dokar cinikin kaya ta 1962, Act 137, wadda ta ɗora wa mai sayarwa nauyin ingancin abin da ya sayar, amma in ba rasit da me zaka kama shi?

Shekara 5 ma fa tana da nisa. EVGA, wanda masu gem suka fi yabo wajen cika alkawarin garanti, a Satumban 2022 ya sanar ya daina yin katin girafik gaba ɗaya, duk da dai ya ce zai ci gaba da kula da waɗanda ya riga ya sayar. In irin wannan kamfanin zai bar harkar, ina ga ƙaramin shagon da bana kwamfuta yake sayarwa baɗi ka dawo ka tarar da kwandon waya da caja?

Ban ce kowa maƙaryaci bane, akwai diloli na ƙwarai a garin nan. Wanda zai sayi kati mai tsadar gaske irin RTX 4090 ko 5090 kuma da shi yake ciyar da iyali, in ya samu dila mai rijista da kamfani da ya daɗe a wuri ɗaya, yana iya dubawa, tunda manyan ma suna da tasu matsalar, kowa ya ji labarin fulogin 4090 da ya riƙa narkewa a 2022, kodayake wannan ma garantin farko ne ya ɗauke shi ba na ƙari ba. Amma ya yi tambaya a rubuta masa amsa: a Accra za a gyara ko sai an tura waje, wa zai biya kuɗin jirgi da na kwastan, kwana nawa, za a ba shi aron wani katin ya ci gaba da aiki? Ya rufe ɓarnar wuta? In ba a iya gyarawa ba kati za a ba shi ko kuɗi? Wannan ta ƙarshen kar a raina ta, a 2022 dala ta tashi daga wajen sidi 6 zuwa sama da 14 cikin shekara guda, wanda aka mayar wa kuɗinsa na watan Janairu a watan Nuwamba rabin katin ma da ƙyar ya saya.

Malam Edita, roƙona gare ku shi ne ku tura wakilinku ya zaga Circle da PZ ya tambayi masu sayar da ƙarin garantin nan mutum nawa suka taɓa canza wa kati a shekara ta 4, su nuna rasit, ku buga mana abin da suka ce.

Naka,
Mai gyaran kwamfuta daga Nima, Accra