Zuwa ga ƙanena mai tambaya: ka gina naka, ko ka hau na mutane?

Assalamu alaikum ƙanena.

Ranar Asabar, a zaman da muka yi da ɗalibai masu koyon rubuta manhaja a nan Maradi, ka miƙe gaban jama'a ka ce kana yi wa wani ɗan kasuwa manhajar lissafin kaya da bashi, kuma ka gaji da maimaita layukan haɗawa da rumbun bayanai a kowane shafi. Ka ce: shin ka tara su wuri ɗaya su zama kayan aikinka da za ka riƙa ɗauka daga wannan aiki zuwa wancan, ko ka zauna ka koyi Laravel ko Django? An kira la'asar ban gama ba ka amsa ba, ga ta a rubuce.

Duk aikin da wani zai biya ka kuɗi ya ɗora dukiyarsa a kai, ka gina shi kan firamwok, wato shiryayyen tsarin da wasu suka riga suka kafa, irin Laravel da Django ɗin da ka ambata. Na bi ɗaya hanyar, na san inda take kaiwa.

A 2012 na yi wa wani Alhaji mai sayar da wake da gyaɗa irin manhajar da kake yi. Da yaren rubuta manhaja na PHP na rubuta, na zuba duk umarnin rumbu a fayil guda, ina haɗa jimlar SQL (yaren da ake ba rumbu umarni da shi) da hannu, ina liƙa abin da aka shigar a tsakiyarta. Wata biyu lafiya lau. Sai aka zo rubuta bashin wani mai suna Sa'adu. Ɗan waƙafin nan da ke tsakiyar sunansa, shi ne alamar da SQL ke rufe rubutu da ita. Jimlar ta tsinke, bashin bai shiga ba, yaron shago bai lura ba. Da lokacin biya ya yi aka tashi da gardama kan buhunan da manhaja ba ta san da su ba, tsakanin mutane biyu da suka daɗe suna mutunci. Har yau abin yana damuna. Ka duba yawan Isma'ila da Rabi'atu da Mas'udu da ke garin nan. Kuma ta wannan kafa ɗin ce ɓarawo ke cusa nasa umarnin ya kwashe rumbu ko ya goge shi.

Na toshe wannan, sai ɗ da ƙ da ɓ suka fara fitowa da alamar tambaya, saboda ban saita haɗin kan UTF-8 ba, wato tsarin haruffan da ke ɗaukarsu. Na gyara. Kafin nan na kwafi fayil ɗin zuwa ayyuka huɗu, kowanne na ɗan taɓa shi, gyaran da na yi a ɗaya bai kai ga sauran ba. A ƙarshen 2015 PHP 7 ya fito, an cire tsoffin umarnin mysql, na magana da rumbu, da komai nawa ya tsaya a kansu. Ranar da masu ajiye mana shafi suka sabunta injinsu, ayyukan suka tsaya cak.

Amma abin da ya sauya mini tunani shi ne lokacin da na kwanta jinya. Alhaji ya nemo wani yaro mai ƙwazo ya duba masa manhajar, yaron ya kwana uku bai gane kanta ba, domin bayaninta kaf yana cikin kaina. Da Laravel ce, da ya san inda ake ajiye kowane abu, da ya samu littafin bayani da amsoshin dubban mutane a intanet. Alhaji kuɗinsa ya biya, bai kamata lissafinsa ya rataya a kan lafiyata ba.

Su ma manyan firamwok ɗin nan daga irin tunaninka suka faro. Django a ɗakin wata jarida aka haife shi, Lawrence Journal-World ta jihar Kansas a Amurka, inda Adrian Holovaty da Simon Willison suka gaji da maimaita aiki ɗaya. An sake shi ga kowa a 2005. Ruby on Rails daga cikin manhajar Basecamp aka ciro shi a 2004. Taylor Otwell ya fitar da Laravel a 2011. Bambancinsu da fayil ɗinka shi ne shekarun da jama'a suka yi suna faɗawa ramukansu suna cikewa: raba umarni da abin da aka shigar, ɓoye kalmar sirri, da rubuta tarihin duk sauyin da aka yi wa teburin bayanai na rumbu don ka iya komawa baya.

Ban ce ba su da nauyi ba. Sauke su yana cin data, koyonsu yana cin watanni, kuma suna ɓoye maka SQL har ka iske shafi ɗaya yana tambayar rumbu sau ɗari ba ka sani ba. Don haka ka fara ƙwarewa a SQL ɗin kansa. Ka ma rubuta naka kayan aikin sau ɗaya, a gida, don ka ga cikin abin, amma kada ka kai wa mai shago. In kuma aikin ƙarami ne ƙwarai, kwamfuta ɗaya a shago ba intanet, SQLite (ƙaramin rumbu mai zama a fayil guda) da PDO (hanyar PHP ta magana da rumbu) sun ishe ka, muddin ba ka liƙa rubutun mutane cikin jimla da hannu ba.

Tunda PHP ka iya, ka fara da Laravel, don a kan PHP aka gina shi. Asabar mai zuwa ka zo da kwamfutarka, mu shigar da Sa'adu da Ɗanladi cikin abin da ka riga ka rubuta, mu ga abin da zai fito.

Naka,
Yayanka a sana'a, daga unguwar Zariya, Maradi